Digirin Aondover da Gonar Bakin Rafi

Duk mai kunna rediyo a Lafiya ranar Asabar da safe ya san muryar Aondover. Shi ne mai sharhin siyasa, wanda in ya buɗe baki a kan kasafin kuɗi ko rikicin jam'iyya sai ka rantse da shi ake zaman majalisa. Abin da masu sauraro ba su gani ba shi ne, da an gama shirin yake tuɓe kwat, ya cusa ta ƙarƙashin kujerar keke napep, ya fara kiran fasinja: Akurba, Akurba, saura mutum ɗaya. Gidan rediyon ba ya ba shi ko sisi. Ruwan leda ake miƙo masa, wata rana a haɗa da godiya.

Keken ma ba nasa ba ne, na Mahmuda ne, abokinsa na sakandare mai shagon kayan gyaran babur. Mahmuda ba mugu ba ne, bakinsa ne dai ba ya hutawa. "Farfesa," yakan ce, "na ji kana gyara Najeriya da safe. To, wannan birki fa, yaushe za ka kai shi gareji?" Aondover yakan yi dariya, don dariyar ta fi sauƙin fita.

A wani ƙauyen Tibi can bayan Keana aka haife shi. Ubansa Iorchia manomin doya ne mai gona biyu, ta tudu da ta bakin rafi. Tsohon ya duba duniya ya ga duk mai mota da gidan kwano a yankinsu ɗan siyasa ne, alhali rabinsu ba su iya karanta wasiƙa ba. Sai ya ce, to wanda ya karanci siyasar kanta a jami'a ai shi zai zama ubangidansu. Kada kowa ya yi wa tsohon dariya, ni ma da ina wurin da na gyaɗa kai. Gonar tudu ta tafi, Aondover ya dawo da digirin kimiyyar siyasa.

Daga nan aka shiga yawo. Ya gama bautar ƙasa, ya bi ofisoshi har masu gadi suka daina tambayarsa wa yake nema. In an buga neman ma'aikata, akanta ake so, ko nas, ko injiniya. Nasa gurbin shi ne wanda ake rubuta "kowane fanni", inda jihar gaba ɗaya ke haɗuwa a layi. Ya koyar a wata makarantar kuɗi da albashinta ba ya kai shi tsakiyar wata. Ya riƙe wa wani ɗan takarar kansila jaka, ya rubuta masa jawabai masu daɗi, mutumin ya ci zaɓe ya canza lambar waya. Kan ya ankara, furfura ta fara leƙowa a gemunsa, shi kuwa ya gaji, gajiyar da barci ba ya maganinta.

Bai taɓa yi wa ubansa ƙarya ba. Bai dai taɓa gyara masa zato ba. A ƙauye, Asabar da safe Iorchia kan zauna gindin mangwaro da rediyonsa, maƙwabta su kewaye shi, in yaro ya yi tari a daka masa tsawa. A wurinsu wanda ke magana a rediyo yana cikin gwamnati, magana ta ƙare.

Ana nan sai autarsu Doofan ta kira shi, murya na rawa don murna. "Broda, na samu! Jami'a sun ɗauke ni. Irin naka na zaɓa, kimiyyar siyasa." Ya ce ya taya ta murna. Ta ƙara da cewa Baba na neman mai sayen gonar bakin rafi saboda kuɗin rajista da na ɗaki. Wannan gonar ce ke ciyar da gidan, daga ita kuwa babu wata.

Ya ce ta gaya wa Baba ya dakata, yana nan zuwa. Amma zuwan ya gagara. Mutumin da ke magana awa guda ba takarda ya rasa yadda zai haɗa jimla ɗaya ga ubansa. Ranar da ya shirya sai ya ce ruwan sama ya ɓata hanya, wata ranar ya ce bari a wuce cin kasuwa. Kunya ce kawai, kuma ya sani.

Da ƙyar wata Lahadi ya yanke shawara. Ya roƙi Mahmuda, ya ɗauki keken ya kama hanya, ya ce in baki ya kasa, ido ai zai gani. Ya isa ƙauyen da laka har gwiwa, yara na bin sa da ihu. Iorchia ya fito yana dogara sanda, ya dubi keken, ya dubi ɗansa.

Bayan gaisuwa Aondover ya durƙusa. "Baba, wannan shi ne aikina. Da shi nake cin abinci, kuma aro ne. Karatun na yi shi, na ji daɗinsa, amma bai taɓa saya mini ko buhun shinkafa ba. In Doofan za ta yi, mu nemi wata hanya, ko ta canza fanni. Don Allah kada ka sayar da gonar."

Doofan na tsaye bakin ƙofa, ta kasa ɗaga kai. Tsohon ya murza kan sandarsa.

"Mun jira ka," ya ce a hankali. "Mai sayen har ya fara ta da kunyar doya. Jiya Asabar na dangwala yatsa a takarda. Da farko zuciyata ta ƙi, sai na ce su bari in saurare ka a rediyo tukuna. Ka yi magana mai kyau jiya, ɗana."