Tumatir Huɗu a Lungu

Uwar Shara ba ta tambaya kafin ta zubar da abu, kuma ba ta taɓa ɓoye hakan ba. Takardun mijinta ma ba su tsira ba. In ya yi ƙorafi sai ta ce, "Maigida, gode wa Allah kai kana motsi."

Shekara ashirin da shida ta yi a gonar gwajin iri, cikin ɗakin gilashin da ake renon tumatir. Ita ke ban ruwa, ita ke tuge duk mai cuta ta ƙone kafin ya shafa wa saura.

Wata shekara fankokin ɗakin suka mutu kwana tara ana tsananin zafi. Fure ya zube kaf, sai wasu gajerun tumatir huɗu a lungu, masu naɗaɗɗen ganye, suka riƙe nasu. Dakta, mai binciken, ya gan su ran Juma'a, ya fita da murna bai gaya wa kowa ba. Ita kuwa ran Asabar ganyen ta gani. Ta tuge, ta cinna wuta.

Ran Litinin Dakta ya tsaya a lungun.

"Mama, ina na nan wurin?"

"Masu cutar? Na hutar da kai."

"Ba cuta ba ce, Mama. Gado ne."

Ya zauna kan bokiti ya yi mata bayani. Tsiro ma yana gadon ƙwayoyin halitta, wasu kuma in zafi ya tsananta su ke kare garin fure kada ya mutu. Yana zaton huɗun nan suna da su. Irin kuwa ragowar wanda wani tsohon manomi ya ba gonar ne, babu saura, manomin kuma ya rasu.

"To me ya hana ka rataya musu takarda? Hannunka ciwo yake?"

Ya tashi daga kan bokitin ya fita. Gaskiya ta faɗa, amma ranar ta kasa cin abinci.

Shekara uku Dakta yana neman irin bai samu ba, ya haƙura. Ita ba ta haƙura ba. Bayan ta bar aiki, da gwiwa mai ciwo, duk lokacin zafi sai ta je inda motocin kayan lambu ke sauke kaya ta tare direbobi.

"Ɗana, kai da kake shiga gonaki, in ka ga gajeren tumatir mai naɗaɗɗen ganye da furensa a wannan zafin, ka ce kada a taɓa shi. A bari ya nuna, a kawo mini ko guda."