Bayan Rigar Malam Aƙilu

Malam Aƙilu mai ɗinkin hannu na Ƙofar Gayan ba ya iya ganin riga ya ƙyale ta, sai ya juya bayanta. Ko a jikin mai ita take, ko a taron suna ne ko zaman makoki, zai miƙa hannu ya birkito wuyan rigar, ya ƙura mata ido, sannan ya faɗi abin da ya gani da muryar da na ƙarshen tabarma zai ji. "Ƙulli huɗu a taki guda. Wa ya cuce ka?" Bai taɓa ba da haƙuri a kan wannan hali ba, bai kuma taɓa cewa zai daina ba. Akwai gidajen da suka daina aika masa goron gayyata saboda haka. In an yi masa magana sai ya ce gaban riga na kasuwa ne, bayanta shi ne na maɗinki.

Matarsa Batulu ta fi kowa shan wannan hali. A shekarar da aka kawo ta ta ɗinka masa hula, ta kai masa da murnarta. Ya juya cikin hular, ya ɗauko reza ya warware rabinta a gabanta, ya ce ta sake. Ba ta sake ba. Ta ci gaba da ɗinkinta kamar matan birni da yawa, tana yi wa dillalai aljihun riguna, amma shekara talatin ba ta ƙara nuna masa aikin hannunta ba, shi ma bai tambaya ba.

Sai dai a faɗi gaskiya, mutumin ya iya aiki. Riga mai aska takwas takan ci masa wata tara da zaren tsamiya, in ya gama kuwa, da za ka sa ta a baibai ka tafi masallacin Juma'a ba kowa zai lura ba. Wannan suna shi ne duk abin da ya tara. Ba shi da gona, gidan da yake ciki na gado ne.

Bahago, wanda suka koyi ɗinki a zaure ɗaya tun suna yara, ya sayi keken surfani a 1985 ya buɗe shago a bakin kasuwa. Yana fitar da riga uku a mako. Aƙilu yakan biya ta shagon musamman don ya juya su. Bahago ba ya fushi, sai ya ce, "Sarkin bin diddigi ya iso. Ku ba shi kujera, kada ya gaji kafin ya gama zagina."

Bayan ƙaramar salla ta 1992, Ja'afaru ƙanin Aƙilu, mai gyaran rediyo a Ƙofar Doka, ya kawo wa gidan na'urar gem, wato ta wasa, irin wadda ake jona wa talabijin. Ta zo da kaset biyu. Ɗaya sabo ne fil, an rubuta a jikinsa cewa wasa ɗari tara da casa'in da tara ne a ciki. Ɗayan tsoho ne, takardar jikinsa ta goge, wasa ɗaya tak ke cikinsa. Don mutanen gida aka kawo, ba don Malam ba. Shi ya shigo falon ne neman aibu, kamar yadda yake shiga ko'ina.

Kafin la'asar ya gama da sabon kaset. Ya sa Ja'afaru ya yi ta buɗe wasannin ɗaya bayan ɗaya yana ƙirgawa da yatsa. "Shida ne," in ji shi. "Launi kawai suke sauya musu. Wannan ɗinkin Bahago ne."

"Yaya, wasa ne fa, ba rigar sarauta ba."

"Sa ɗayan."

A tsohon kaset, wani ɗan mutum ne riƙe da fitila yake yawo a cikin garin da ya mutu, yana haura katanga yana tsallake rijiyoyi, duk gidan da ya shiga sai ya kunna masa fitila. Rubutun da ke fitowa a farko ba boko ba ne ba ajami ba, babu wanda ya iya karanta shi. Aƙilu ya matso har hancinsa ya kusa taɓa gilashin. Ya ga ashe hoton duka ƙananan gidaje ne masu kusurwa huɗu aka jera, kamar yadda maɗinki ke ƙirga zaren saƙa kafin ya soka allura. Ya ƙirga tubalan wata katanga daga dama, ya sake ƙirgawa daga hagu. Ya miƙa hannu ya karɓi abin dannawa.

Daga ranar, in dai akwai wuta, tsakanin azahar da la'asar yana gaban talabijin. Unguwa ta samu abin faɗa. Dattijo mai furfura da jikoki ya koma wasan yara. Batulu kuwa da take zaune a bayansa da nata ɗinkin ta lura cewa ba wasa yake yi ba. Inda wasan ya ce a bi dama, shi hagu yake bi. Yana tura ɗan mutumin jikin kowane bango, yana cusa shi kowane lungu, yana komawa gidajen da ya riga ya wuce don ya ga ko fitilun suna nan a kunne. Bayan rigar yake nema. Ya tabbata akwai inda mai aikin ya gaji ya ce ba mai zuwa nan, ya bar zare a sake.

Sabon kaset bai yi shekara ba ya mutu. Tsohon yana nan, sai dai wani lokaci a hure masa ƙura.

A cikin wannan tsakani idon Aƙilu ya fara yin yana. Manyan abubuwa yana ganinsu, hoton talabijin ma yana gani in ya matso, amma kafar allura ta gagare shi. A lokacin akwai riga a hannunsa ta Alhaji Yari, wani ɗan kasuwa da ya ce ba ya gaggawa, shi dai yana son rigar da zai bar wa ɗansa. Kowa a gidan ya san ita ce ta ƙarshe. Batulu ke zura masa zare a allura, don haka ita ke naɗe rigar in ya tashi, kuma ta ga abin da ke faruwa. Gaban yana nan da kyau, hannu ya riga ya saba. Bayan kuwa ya fara ƙulle-ƙulle, zare yana tsallake gida biyu, wani wurin uku. Wata huɗu tana gani tana naɗewa. Ba tausayi kaɗai ya rufe mata baki ba. Akwai hular nan, ba ta manta ba, kuma wani gefe na zuciyarta yana son ranar da wani zai juya masa riga a gaban mutane.

Bahago ya zo duba shi wata Asabar. Ya ɗaga rigar, yatsunsa suka shiga ta ciki, Batulu ta ga fuskarsa ta sauya. Ya mayar ya ajiye a hankali.

"Aƙilu, kawo in ƙarasa maka sauran a keke. In bi zanenka sak."

"In mutu tukuna."

"To ƙarasa yadda ta samu ka miƙa wa mai ita. Wa zai juya? Duk birnin nan kai kaɗai ne mai juya riga, kai kuma ga yadda Allah ya yi da kai."

Aƙilu ya yi dariya, abin da ba kasafai yake yi ba. Bai tambayi abin da Bahago yake nufi ba. Batulu ta fahimci cewa ya sani, ko yana zargi, kuma ya zaɓi kada ya tambaya.

Bayan kwana goma sha wani abu, da rana tsaka, Aƙilu ya samu wurin da ya yi shekara uku yana nema a cikin wasan. A can ƙarshen garin ta hagu, bayan wata rusasshiyar katanga, akwai busasshiyar rijiya da ke kashe ɗan mutumin duk lokacin da ya faɗa. Ranar Aƙilu ya manna shi da bangon rijiyar yana saukowa a hankali, sai ya shige wata kafa. Ya faɗa wani ɗan ɗaki. Ba abin ɗauka a ciki, ba abokin gaba, ba ƙarin maki, ba hanyar wucewa gaba. Amma an yi wa ɗakin daɓe mai zane, kuma zanen ya haɗu daidai a kusurwa huɗun. Akwai taga, da tsuntsu a bakinta mai juya kai duk inda fitilar ta nufa. In ɗan mutumin ya matsa, inuwar tulun da ke gefe sai ta matsa ita ma.

Ya daɗe bai danna komai ba. Batulu ta ɗauka wutar ce ta yi rauni, ta ɗago kai.

"Zo ki gani," in ji shi. "Mutum dubu za su yi wasan nan su mutu ba su shigo nan ba. Wanda ya yi shi ma ya san haka. Dubi kusurwar can."

"Na gani, Malam."

"Ya gama bayan aikinsa."

Aka kira la'asar, ya tafi masallaci. Da ya dawo bai zauna a zaure ba, ya shigo tsakar gida da rigar a kafaɗa, ya shimfiɗa ta a tabarma a gaban Batulu, baibai.

"Faɗa mini abin da ke nan."

Ta dube shi. "Duka?"

"Na taɓa rage wa wani?"

Ba ta rage masa ba. Ta bi da yatsa daga cin wuya har gindin aljihu tana ƙirgawa da ƙarfi. Ƙulli talatin da ɗaya. Tsallake goma sha bakwai. Wuri biyu ya ɗinke da zaren da ba launinsa ba. Ta yi zaton za ta ji daɗi, shekara talatin tana jiran wannan yammacin, amma da ta kai ƙarshe daɗin bai zo ba.

"Daga ina ya fara?"

Ta ɗora yatsansa a wurin. Aikin wata huɗu ne da 'yan kwanaki.

"Ba ni reza."

"Za ka yanka shaddar. Kawo."

Ita ta warware, shi yana riƙe da gefen rigar yana jin ƙarar zaren. Sai da suka kwana uku suna yi.

Daga nan aikin ya koma na mutum biyu. Allura tana hannunsa, bai yarda ta soka ko sau ɗaya ba, don ya ce wa Alhaji Yari ɗinkinsa zai ba shi. Yana ɗinki da lalube, yatsan hagu a ƙasa yana ƙirga zare. Duk layin da ya gama sai ya miƙa mata ta juya. In ta ce "wuce" ya wuce, in ta ce "koma" ya koma. Akwai layin da ya koma sau biyar. Ya yi tsaki ya ce da gayya take yi.

"Da gayya ne," ta ce. "Koma."

Rigar ta ƙare a damina ta 1996. Ranar da Alhaji Yari ya zo karɓa, Aƙilu ya aika aka kira Bahago, ya ce shi zai juya. Bahago ya fita da ita ƙofar zaure inda haske yake, ya sa tabarau, ya daɗe. Ya dawo ya ce, "Ban sami komai ba. Na so in samu, Allah ya sani." Aƙilu ya ce a gaban baƙon, "Hannu nawa ne, ido na Batulu." Tana bayan ƙofa ta ji. Iyakar yabon da ta taɓa samu ke nan daga gare shi, kuma ba ta ce ya isa ba.

Bai ƙara riƙe allura ba. An kai shi asibiti a kan idon, aka ce ba yanar kaɗai ba ce, aiki ba zai yi amfani ba. Ja'afaru ya sauya wa na'urar waya sau biyu, ya yi wa abin dannawa ɗauri da zaren roba. A gari an fito da sababbin na'urori masu faifai, masu gem sun watsar da irin wannan. Tsohon kaset bai fasa tashi ba. Aƙilu yakan sa a kunna masa don ya ji kiɗan, kuma da kunne kaɗai yana iya kai ɗan mutumin gida na uku kafin ya faɗa rijiya.

Wata rana ya sa Batulu ta zauna gaban talabijin ta kwafe baƙon rubutun nan na farkon wasan da zare a kan ƙyallen shadda, gida bayan gida. Ba su san ko sunan mutum ba ne ko sunan wasan. Ya shafa bayan ƙyallen da yatsa, ya sa a aljihu.

Ya rasu a farkon 1999, bayan jinyar mako biyu. Kwana biyu kafin nan, da hantsi, Ja'afaru da Bahago suna zaune a gefensa, ya ciro ƙyallen ya miƙa.

"Ku riƙa nuna wa masu tafiya ƙasashen waje. Wani zai iya karantawa."

"Yaya, ina za mu ga mutumin nan? Wataƙila ma ba mutum ɗaya ba ne. Wataƙila ya mutu."

"To a gaya wa 'ya'yansa. A ce Aƙilu na Ƙofar Gayan ya juya aikinsa shekara bakwai bai sami ƙulli ba, kuma saboda shi na warware nawa. Kada ku ƙara komai a kai, kada ku rage."