Saƙon da Malama ta ce in goge

Shekarun baya, lokacin da ba ka shiga babbar kasuwar Gombe sai an laluba ka tun daga ƙofa, ina da rumfar wankin hula a Manawashi. Na haura arba'in a lokacin, kuma ban daɗe da shiga ajin yaƙi da jahilci ba. Karatuna irin na mai tsallaka rafi a kan duwatsu ne. In taka wannan harafi, in tsaya in huta, sannan in nemi na gaba.

A gefen rumfata wani bawan Allah yake zama yana ɗinkin hula. Babarbare ne, rikici ya koro shi daga Barno shi da matarsa da 'ya'yansa. Ranar da suka gudu ya rabu da yayansa, wanda suke uba ɗaya, wayarsa kuma ta faɗi a hanya da duk lambobin da ke ciki. Shekara biyu babu labari. Ba ya son zancen, ni ma ba na tayar masa. Ni Bafulatani ne, abokin wasan Barebari, don haka tun ranar farko na sanar da shi cewa na samu bawa. Ya ce bai taɓa ganin ubangidan da ke wanke wa bawansa hula ba. Daga nan muka ƙulla abota.

Hannunsa na da kyau ƙwarai, amma ciniki babu. Kowa ta kansa yake yi a shekarun nan, ba ta sabuwar hula ba.

Malamar ajinmu 'yar Tangale ce, a Herwagana take zaune. Da yamma ta koya mana karatu, da rana kuma tana shagonta tana haɗa wa makarantu da 'yan kasuwa shafukan intanet. Wata rana na je aji da ɗaya daga cikin hulunan abokina a kaina. Ta karɓa ta jujjuya ta, ta ce, "Malam, wannan aikin ya fi ƙarfin unguwa ɗaya. Ku kawo min hotuna in buɗe muku shafi."

Hotunan farko da na kai mata, sai da ta cire tabarau don dariya. Ta ce ba ta gane ko hula ce ko tukunya ba. Ta koya min abu uku: in goge idon kyamarar da gefen riga, in ɗauka da safe a inuwa, in shimfiɗa farin ƙyalle a ƙasa. Na koma na sake. A gabana ta buɗe kwamfuta tana jan hoto tana ajiyewa inda take so, kamar mai jera kaya a faifai. Ta ce yanzu akwai manhajojin da ko ba ka iya rubutun masu kwamfuta ba za ka haɗa shafi. Ta kuma rage wa kowane hoto nauyi, don shafin ya buɗe ko a inda sabis ke rarrafe, kada ya cinye wa mai kallo data.

Abokina ya yarda, amma da sharaɗi. Ba fuskarsa, ba sunansa, ba sunan unguwa. Wanda ya gudo daga inda ya gudo ba ya son a san inda yake kwana, kuma ban ga laifinsa ba. Sai aka sa lambata.

"To shi ke nan," in ji shi. "An ba Bafulatani waya. Kada dai ka kai ta mashayar shanu."

Masu saye suka fara nemana, ɗaya-ɗaya. Amma 'yan damfara sun fi su zafin nama. Yau a ce na ci mota, gobe wata hajiya tana asibiti tana so ta bar min dukiyarta. Malama ta kafa min doka. Duk dogon saƙon da ya zo daga baƙuwar lamba, ya fara da "ɗan'uwana", in goge shi kawai.

Na ce to. Amma ban goge ba.

Dalilina shi ne ba ni da abin karantawa sai ɗan littafin aji, shi kuma na haddace shi har na gaji. Ga mutane suna zaunawa su rubuto min dogon labari kyauta, da Hausa, har cikin aljihuna. Sai na mai da su darasi. In na jera huluna a rana, in zauna in ɗauki saƙo ɗaya in bi shi harafi-harafi. Kuma bi da bi nake yi, ba na tsallake layi. A wurin 'yan damfara na koyi karanta "gaggawa" da "amana".

Shi ya sa wani saƙo ya yi fiye da mako yana jiran layinsa a bayan wata mota da na ci.

Da na iso kansa, ya fara kamar sauran. "Ɗan'uwana, ban zo neman kuɗinka ba." Na yi murmushi, don duk haka suke cewa. Na ci gaba. Mutumin ya ce hula yake sayarwa a Legas, yana neman inda zai sari kaya sai ya faɗo shafinmu. Ya ce akwai hular da aka ɗauka a kife, ana ganin cikinta, kuma yadda aka ƙulle bakin zaren, mahaifinsu kaɗai ya sani yana yin haka, shi ma mutum biyu ya koya wa. "Ɗaya ni ne. Ɗayan ƙanena ne, ban sani ba ko yana raye. Don Allah wa ya ɗinka ta?"

Na ɗaga kai. Ga abokina nan taku uku daga inda nake, allura a baki, yana faɗa da zaren da ya harɗe.

Ban ce masa komai ba. In gaskiya ne, to babu labarin da ya kai wannan. In kuwa ƙarya ce, ni ne zan tono masa ciwon da ya sha wuyar rufewa, sannan in miƙa shi ga macuci. Ranar ko sitaci ban dama daidai ba.

Washegari na hau Keke Napep zuwa Herwagana. Malama ta karanta saƙon cikin numfashi biyu, abin da ya ɗauke ni yini.

"Ba na ce ka riƙa gogewa ba?"

"Kin ce."

"Guda nawa ka ajiye?"

Na nuna mata. Ta dafe kai. Sannan ta sake karanta saƙon, a hankali wannan karon. Ta ce masu cuta ma sun iya zancen 'yan'uwan da suka ɓata, domin sun san inda ke yi wa mutane ciwo. Kada in tura masa komai, kada in faɗi suna ko unguwa, in wata lambar sirri ta shigo wayata ya ce in karanto masa, kada in yarda. "Ka ce ya turo saƙon murya da yarensu, ya faɗi abin da 'yan gida kaɗai suka sani. Rubutu kowa na iya yi. Murya kuwa ba ta ɓace wa ɗan'uwa."

Na miƙa mata wayar ta rubuta. Ta mayar min da ita. "Ɗalibina ne kai ko baƙona? Rubuta."

Tun azahar nake abu ɗaya har aka kira la'asar. Layi huɗu ne kacal. Shi ne dogon saƙo na farko da na taɓa rubutawa da hannuna, kuma na san akwai kurakurai a ciki, amma ya tafi.

Amsa ba ta zo ba sai bayan kwana biyu, da hantsi, ina cikin guga. Na saurara ni kaɗai, ban tsinci ko kalma ɗaya ba. Na ɗaure fuska na ce, "Kai bawana, zo ka yi wa ubangidanka aiki. Wani ɗan garinku ke son ya cuce ni, fassara min."

"In Babarbare ya cuci Bafulatani ai sadaka ya yi," in ji shi. Ya karɓi wayar ya kanga a kunne yana dariya.

Na ga dariyar ta tsaya. Hular da ke hannunsa ta faɗi cikin ruwan wanki bai kula ba. Ya saurara har ƙarshe, ya ce in sake kunnawa. Na sake. Ya zauna a ƙasa, ba a kan benci ba, ya ce, "Yana tambaya ko har yanzu ina tsoron jakin kakarmu." Sai ya rufe fuska da hannu biyu, kafaɗunsa na rawa, ni kuma na rasa gane kuka yake ko dariya. Ashe duka biyun ne.

Muka kira shi ta bidiyo nan take. Sabis ya ƙi. Muka fita bakin titi, muka koma ƙarƙashin dalbejiya, na hau benci na ɗaga wayar sama kamar mai kiran shanu. Da fuskar ta fito, sai ta daskare, baki a buɗe. Abokina ya ce ko a haka ya gane shi. Mai shayi ya bar tukunyarsa ya zo, tela ya zo, masu wucewa suka tsaya. Ba wanda ke jin yaren a cikinmu, amma kowa na cewa Alhamdu lillahi. Mai shayi ya ce yau ba mai biyan ko sisi.

Ba su yi minti goma ba na ji muryar yayan ta canza. Na tambayi abin da ya faru. Abokina ya share ido ya ce, "Faɗa yake min. Wai ɗinkin hula ta uku a shafin ya yi sako-sako, na zubar wa gidanmu da mutunci."

Bayan sati uku yayan ya sauka a tashar Gombe. Malama ta zo walima da kular shinkafa, ta zauna cikin matan gidan kamar tare suka taso.

A wurin walimar ne na gaya wa abokina cewa saƙon ya kwana uku a hannuna bayan na karanta shi. Na zaci zai yi fushi, domin kwana uku ba kaɗan ba ne ga wanda ya jira shekara biyu. Sai ya ce, "Gara da ka yi haka. Da ka gaya min ranar farko, ko ɓarawo ne ya ce shi yayana ne, da rigar jikina ma na tura masa."

Har yau ina tuna wannan maganar. Mutum mai hankali ne, ya fi ni wayo nesa ba kusa ba, amma kewa ta kai shi inda ba zai iya tambayar hujja ba. A irin wannan lokaci mutum na bukatar wani a gefensa wanda zai tsaya ya bincika masa, ko da mai karatu a hankali ne irina. Ban san me na yi da Allah Ya ba ni wannan aiki ba. Na dai san cewa a duk abin da na karanta tun daga lokacin, babu wanda ya kai min waɗancan layukan daɗi.