Na Ja Motar Yaya da Igiyar Shanu

Jama'a, ku ji abin da ya faru yau.

Jiya ni da Yaya Sabo muka kai tsofaffin motocinmu gareji. Bakanike ya ce, "Ko a canza man giya kawai, ko a wanke ta da inji. Amma tsohuwar giya ba ta son wanki." Na ce a canza min kawai. Yaya ya kira ni matsoraci, ya sa aka wanke tasa tas.

Yau a tsakiyar daji, hanyar Kuyello, giyarsa ta ƙi kamawa. Wurin da ba wanda ke son tsayawa saboda 'yan bindiga! Wani makiyayi ya ara mana igiya, na ja shi har gida.

Ya ce, "Don Allah kar Inna ta ji."

Yaya, yi haƙuri. Na manta Inna ma tana guruf ɗin nan.