Ludayin da Ba Ta Sha Ba

A layin masu nono na kasuwar Daura nake kallonta: mace mai tsohon ciki, da farar safa a hannu. Man shanu take saya, tana zubawa a ƙananan kwalabe. Na ji ta tambayi wata mai nono:

"Inna, da me kuke wanke wa shanu kaska?"

"Maganin feshin wake mana, 'yar nan. Ya fi ƙarfi."

Na gaishe ta, na tambayi aikinta. Ta ce daga jami'a take, suna bin sawun gubar da ba ta ruɓewa, wadda ke maƙalewa a kitse shekara da shekaru. Sun same ta a ƙwan balbela, yanzu suna dubawa a nonon uwa. Sai na tuna farar hodar kwarkwata da ake barbaɗa mana a makarantar mishan, muna ta dariya.

Mai nonon ta miƙa mata ludayi ta ɗanɗana. Da gani ba ta saba kunyata babba ba: ta karɓa da ladabi, ta kai baki, ta yi godiya. Amma ina kusa, leɓɓanta a rufe suke.

Na dubi hannuna. Kwanon jikata Kyauta nake riƙe da shi, cike da nono, tana gida tana jirana.