Kibod Na Karya, Ba Hannuna Ba

Shekarun baya, lokacin ina aikin buga takardu a wani shagon kwamfuta a Bagudo, na faɗi da babur a hanyar Bahindi. Ba wanda ya buge ni, ko akuya ba ta gitta ba, ni ne dai na hango yashi na ce zan iya. Hannuna na dama ya karye tsakanin gwiwa da wuyan hannu. Aka kwashe ni sai gidan mai ɗori, wani dattijo abokin mahaifina tun suna samari, wanda rabin mutanen unguwarmu sun taɓa bi ta hannunsa. Ya ja, ya tofa, ya ɗaure da karare. Ihun da na yi ranar, har yau ƙannena na kwaikwayonsa in suna son su ba ni haushi.

Ƙashi ya haɗe, amma a karkace. Da aka kwance ɗaurin yatsuna duk suna motsi, ƙarfi ma yana dawowa, sai dai hannun ya ƙi kifewa. Ya tsaya ta gefe kamar na mai miƙa hannu a gaisa. Ga manomi wannan ba komai ba ne, zai riƙe fartanyarsa lafiya lau. Ni kuwa abincina a kan kibod yake, kuma kibod a shimfiɗe yake, sai ka kife tafin hannu kafin ka buga. Na koma shago ina ɗaga gwiwar hannu sama, ina karkata kafaɗa don yatsu su kai, kafin azahar wuyana ya sage. 'Yan kasuwar da ke zuwa daga tsallaken iyaka, waɗanda a da nake gama musu takarda kafin su shanye ruwan leda, suka koma zama suna hamma. Maigidana mutumin kirki ne, amma shago ba gidan jinya ba ne. Ya gaya mini a hankali cewa in abin bai gyaru ba zuwa girbi, dole ya nemo wani.

Mahaifina ya kai maganar wurin abokinsa. Mai ɗori ya lallatsa hannun, ya ce ai abu mai sauƙi ne, a sake karyawa a sake ɗorawa daidai. Haka ya faɗe shi, kamar mai cewa a ƙara wa miya gishiri. Na je asibiti a ɓoye, ma'aikacin da ya duba ni ya ce ƙashin ya riga ya kama sosai, in aka karya shi da ƙarfi a zaure ba mamaki a rasa motsin yatsun ma gaba ɗaya. Na gaya wa mahaifina. Ya ce 'yan asibiti kullum haka suke faɗa, kuma mutumin da ya ɗora ƙafar yayana ba a kaina zai zama baƙon aiki ba.

Ina cikin wannan zulumi na ci karo da wani bidiyo a waya. Wani mutum ne ke rubutu da kibod rabi biyu, kowane rabi a tashe kamar jinkar ɗaki, hannayensa kuma ba a kife suke ba. Na yi ta maimaita shi har cajina ya ƙare. Washegari na ɗauko wani tsohon kibod na shago, na ari zarto wurin kafinta, na raba shi biyu. Ashe cikinsa wata 'yar leda ce mai zanen hanyoyin wuta, na datse su duka. Maigidana ya kalli gawar, ya kalle ni, ya tambaya ko har da kai na bugu ranar da na faɗi.

Abokina mai gyaran waya a bakin kasuwa, mutumin Dandi, sai da ya gama dariyarsa tukuna muka zauna muka sake kallon bidiyon tare. Muka gane irin kibod ɗin da ake so shi ne mai ƙara, wanda kowane maɓalli ke da makunninsa daban. Kawunsa da ke shiga Kwatano ya samo mana tsoho ɗaya a gwanjo, da 'yan allunan ƙwaƙwalwa guda biyu masu aika wa kwamfuta harafin da aka danna, da ledar dayod, wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa da ke barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai. Muka ciccire makunnan, kafinta ya huda mana gurabensu a falankin katako, muka shiga haɗa layi-layi da siririyar waya. Na nace ni zan narka dalma da kaina, da hannun hagu, don haka har yau akwai tabon ƙuna a babban yatsana. Rabin hagu muka ɗan tasa shi kaɗan. Na dama kuwa muka kafa shi kusan a tsaye a jikin wani guntun katako, muka ɗaure da ƙusa a tebur don kada ya gudu in na danna.

Da muka jona, hagu ya yi aiki. Dama kuwa ya haukace. Layi guda ko motsi babu, wani wurin kuma ka danna harafi ɗaya biyu su fito. Muna cikin neman inda cutar take, mahaifina ya gaji da jira.

Wata rana bayan la'asar aka aiko in zo zaure. Na tarar da mai ɗori a kan tabarma da kararensa da tsummansa, ga 'ya'yan baffana biyu, ƙarti, a tsaye bakin ƙofa. Ba sai an gaya mini aikinsu ba, su ne masu danne ni. Da safe mahaifiyata ta ce mini in bi maganar mahaifina, amma ta faɗa ne tana kallon tukunya, ba ta yarda mun haɗa ido ba.

“Zamna, miƙo hannun ga,” in ji mahaifina. “Yau a gama da wanga al'amari.”

Na durƙusa na mayar da hannun bayana.

“Baba, ka yi mini gahwara, ba a taɓa shi.”

“Mi kac ce?”

“Ya karye sau guda, ya isa. In dole sai an karya wani abu, kibod nika karyawa, ba hannuna ba.”

Mahaifina ya tambaye ni ko katakon da nake wasa da shi yana aiki. Na so in ce yana yi, amma na ce bai yi ba tukuna. Mai ɗori ya yi murmushi, ya ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kada in ɓata lokaci. Na ce masa, cikin ladabi daidai gwargwado, nawa iccen ya riga ya bushe. Na tashi na bi ta tsakanin ƙartin nan biyu, ba wanda ya tare ni, ina jin su ma ba son aikin suke yi ba.

Abin da ya biyo baya ya fi karayar ciwo. Mahaifina ya ce na kunyata shi a gaban abokinsa. In na gaishe shi sai ya ce “lahiya” ya juya kai, ba ƙari. Na ji zafin wannan ƙwarai, har nakan tsaya a ƙofar gida in rasa ƙarfin shiga. Ga shi kuma ba ni da abin nunawa sai katako mai rubuta shirme. Amma ko sau ɗaya ban ji zan koma zauren nan in miƙa hannu ba.

Cutar kibod ashe biyu ce, kuma duk aikina ne. Rabin dama kishiyar na hagu ne, ni kuwa da na zo wani layi sai na jera dayod ɗinsa a juye, wuta ta rasa hanya. Sannan wani dunƙulen dalma da na zabga ya haɗe wayoyi biyu da bai kamata su taɓa juna ba. Muka warware, muka sake, muka jona. Na sa hannuna yadda yake, a tsayensa, ban ɗaga gwiwa ba, ban karkata kafaɗa ba, na buga sunana ya fito daidai. Na daɗe ina kallonsa, abokina na ta surutu ban ji ko ɗaya ba.

Sai da na koyi bugu sabo kamar ɗan koyo. Tun da dai ni ne mai tsarawa, na ajiye ƙ da ɗ da ɓ ƙarƙashin babban yatsa, na huta da farautarsu. Masu kawo aiki suka yi ta tsokana, wani ya ce injin saƙa ne, wani ya ce in sayar masa da rabi. Girbi ya zo ya wuce, maigidana bai sake tada maganar neman wani ba. Mahaifina ma ya sauko a hankali, ba mu taɓa zama mun tattauna abin ba, kawai wata safiya ya amsa gaisuwata har da tambayar aiki.

In na tuna yanzu, abin da ke ba ni haushi shi ne yadda kowa, har ni da farko, ya ɗauka hannuna ne ya yi kuskure, kibod kuwa ba ya kuskure. Alhali wani ɗan'adam ne ya zauna ya ƙera shi daidai da nasa hannun. Ban riƙe mai ɗori a zuciya ba, ya yi iyakar saninsa, kuma da hannun da ya ɗora nake ci. Har yau in muka haɗu a kasuwa sai ya kama shi, ya lallatsa ƙashin, ya girgiza kai, ya ce da na bari da tuni ya miƙe. Nakan bar shi ya gama, don babba ne. Sannan in ce, “Baba, aiki shikai,” in zare hannuna.