Keken Ƙanensa

Ina zaune a kan benci wurin mai keke, ina jiran a yi wa tayata faci, sai ga wani mutum ya cika ƙofa. Teɓarsa ta riga shi shigowa. Wuyansa ninki uku ne, kowane ninki da nasa gumin.

Ba ya kallon fentin kekunan sayarwa. Ƙarfen yake ƙwanƙwasawa, yana ƙirga wayoyin taya da yatsa, yana danna sirdi da tafin hannu.

"Ƙanena zan saya wa," in ji shi. "Jikinmu kusan ɗaya. Likita ya ce ko ya rage ƙiba, ko ya bar marayu."

"Allah ya ba shi lafiya," in ji mai keke. "To hau mana, yallaɓai, mu ga ko zai ɗauki ƙanen naka."

Masu jira kowa ya gyara zama. Bai hau ba. Ya zaɓi wani baƙi mai kaurin ƙarfe da faffaɗar taya, ya fita yana jan sa kamar akuya, yana haki tun kafin ya sha kwana.

Nawa keken ya tsufa, amma ba na gaggawar sayen wani. Nan da wata biyu wancan zai dawo shagon nan, tayarsa ko suɗewa ba ta fara ba. Ko shi ya kawo shi, ko magada.